Tankaɗe da Rairaya a Jadawalin Lissafi: Yadda Ake Tara Alƙaluman da Suka Cika Sharuɗɗa Masu Yawa

Gabatarwa

Sanin kowane ɗalibin kimiyya ne cewa aikin bincike ba ya ƙarewa a wajen awo da ƙidaya. Bayan an gama auna tsayin tsirrai, ko ƙirga ƙwari, ko rubuta yawan ruwan saman da aka samu, akan tashi da tarin alƙaluma waɗanda ba su faɗin komai sai an yi musu tambaya. Tambayar da ta fi sauƙi ita ce, “Nawa ne gaba ɗaya?” To amma da wuya wannan tambaya ta biya wa mai bincike buƙata. Abin da yakan so ya sani shi ne, nawa ne na iri kaza, a wuri kaza, cikin lokaci kaza. Wato yana son jimillar alƙaluman da suka cika sharuɗɗa biyu ko uku ko fiye a lokaci guda, a bar sauran a gefe.

Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake irin wannan lissafi da jadawalin lissafi na kwamfuta, da tushen dabarar a ilimin lissafi, da kuma ramukan da masu amfani da ita sukan faɗa. Kafin a kai ga na'ura, ya kamata a ga yadda aka taɓa yin aikin da hannu, a kuma ga abin da ya haifar.

Likitan da ya bi gida-gida

A shekarar 1854 annobar kwalara, wato cutar amai da gudawa, ta ɓarke a birnin Landan na ƙasar Ingila. A wancan zamani yawancin likitoci sun yi imani cewa gurɓatacciyar iska ce ke yaɗa cutar. Wani likita mai suna John Snow yana da ra'ayi dabam: shi a ganinsa ruwan sha ne ke ɗauke da ita. Sai dai ra'ayi ba hujja ba ne, don haka ya nemi alƙaluma.

A kudancin birnin akwai kamfanoni biyu da ke sayar wa gidaje ruwan famfo, kuma a unguwanni da dama bututansu suna bin titi ɗaya, wannan gida na shan na wannan, maƙwabcinsa na shan na wancan. Kamfanin Southwark and Vauxhall yana jan ruwansa daga kogin Thames a cikin gari, inda ƙazantar birni ke kwarara. Shi kuwa kamfanin Lambeth, tun a 1852 ya mayar da wurin jan ruwansa can sama da birnin, inda ƙazantar ba ta kai ba. Snow ya karɓi adireshin mamatan daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, ya riƙa bin gidajen yana tambayar wane kamfani ne ke ba su ruwa. Da yake 'yan haya da yawa ba su san amsar ba, sai ya riƙa ɗiban ruwan yana gwada yawan gishirin da ke ciki da wani sinadari na azurfa, domin ruwan Southwark and Vauxhall ya fi na Lambeth gishiri nesa ba kusa ba.

Daga nan ya tara mace-macen bisa sharuɗɗa uku: mutuwar ta kasance ta kwalara, ta auku cikin makonni bakwai na farkon annobar, kuma gidan yana shan ruwan kamfani kaza. Sakamakon da ya wallafa a 1855 ya nuna cewa a gidaje 40,046 masu shan ruwan Southwark and Vauxhall an yi mace-mace 1,263, a gidaje 26,107 masu shan ruwan Lambeth kuwa 98 kacal aka yi. Idan aka daidaita, na farko ya kama 315 a cikin kowane gidaje 10,000, na biyu kuma 37, wato bambancin ya haura ninki takwas. Da Snow ya tsaya ga jimillar mamatan kudancin Landan gaba ɗaya, da wannan bambanci ya ɓace a cikin taron alƙaluma. Sharuɗɗan da ya gindaya su suka fito da shi fili.

Asalin jadawalin lissafi na kwamfuta

Aikin da ya ci wa Snow makonni, a yau na'ura na yin ɓangaren tarawarsa kafin ƙiftawar ido. Jadawalin lissafi na kwamfuta manhaja ce mai kama da takardar da aka ja wa layuka a tsaye da a kwance. Layukan tsaye ana kiransu da haruffa, A, B, C, har zuwa gaba. Na kwance kuma da lambobi, 1, 2, 3. Inda layin tsaye ya haɗu da na kwance ana samun gurbi, kuma kowane gurbi yana da sunansa. Alal misali, E5 shi ne gurbin da layin tsaye na E ya haɗu da layin kwance na 5. Idan aka rubuta E2:E11 kuwa, ana nufin dukkan guraben da ke tsakanin E2 da E11, wato zango guda.

Na farkon irin wannan manhaja da ya shahara shi ne VisiCalc, wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka a 1979 domin kwamfutar Apple II. Lotus 1-2-3 ya biyo baya a 1983, sannan kamfanin Microsoft ya fitar da Excel a 1985. A yau akwai wasu kamar LibreOffice Calc, wanda kyauta ake samunsa, da Google Sheets, wanda ake aiki da shi ta intanet. Dukkansu suna da umarnin SUM mai tara duk abin da ke cikin zango, da SUMIF mai tara abin da ya cika sharaɗi ɗaya tak. Umarnin SUMIFS, mai karɓar sharuɗɗa da yawa, ya shigo Excel ne a fitowar 2007, kuma yana iya ɗaukar sharuɗɗa har 127 a lokaci guda. Harafin S da ke ƙarshen sunan alamar jam'i ce a Ingilishi.

Misali daga darasin sauro

A ɗauka cewa ƙungiyar ɗaliban kimiyya ta wata makarantar kwana ta yi watanni uku na damina tana kama sauro, a cikin ɗakunan kwana da kuma a waje. Alƙaluman da ke tafe na misali ne kawai, an tsara su domin darasi. Layin kwance na 1 yana ɗauke da kanun jadawalin: A shi ne wata, B irin sauro, C jinsi, D wurin da aka kama, E kuma adadi.

Layi na 2: Yuli, Anopheles, mace, ɗaki, 14
Layi na 3: Yuli, Culex, mace, ɗaki, 31
Layi na 4: Yuli, Anopheles, namiji, waje, 9
Layi na 5: Agusta, Anopheles, mace, ɗaki, 26
Layi na 6: Agusta, Anopheles, mace, waje, 11
Layi na 7: Agusta, Culex, mace, ɗaki, 40
Layi na 8: Agusta, Anopheles, namiji, ɗaki, 7
Layi na 9: Agusta, Culex, namiji, waje, 18
Layi na 10: Satumba, Anopheles, mace, ɗaki, 22
Layi na 11: Satumba, Culex, mace, waje, 35

Jimillar sauron da aka kama ita ce 213. Amma idan abin da ya dami shugaban makarantar shi ne zazzaɓin cizon sauro, wannan adadi bai gaya masa komai ba. Dalili kuwa shi ne, sauron Anopheles ne kaɗai ke yaɗa wannan cuta ga ɗan Adam. Culex yana da nasa cututtukan, amma ban da wannan. Haka kuma ko a cikin Anopheles ɗin, mace ce kaɗai ke cizo, saboda tana buƙatar jini kafin ƙwayayenta su ƙosa, namijin kuwa ruwan zaƙin furanni da na tsirrai yake sha. Bugu da ƙari, wadda aka kama a ɗakin kwana ita ce ta fi kusa da jikin ɗalibai da dare. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: matan Anopheles nawa aka kama a cikin ɗaki? A wani gurbi da babu komai sai a rubuta:

=SUMIFS(E2:E11, B2:B11, "Anopheles", C2:C11, "mace", D2:D11, "ɗaki")

Abu na farko da ke cikin baka, wato E2:E11, shi ne zangon da za a tara. Abin da ya biyo baya yana zuwa bibbiyu: zangon da za a duba, sannan sharaɗin da ake nema a cikinsa. Na'urar tana bin layukan ɗaya bayan ɗaya tamkar mai rairaye gari da rariya uku a jere. Rariyar farko ta bar layuka shida na Anopheles, jimillarsu 89. Ta biyu ta fitar da mazan, saura 73. Ta uku ta fitar da waɗanda aka kama a waje, aka rage da layi na 2 da na 5 da na 10, wato 14 da 26 da 22. Amsar da za ta fito a gurbin ita ce 62. In ana son na watan Agusta kaɗai, sai a ƙara A2:A11 da "Agusta" a ƙarshe, amsar ta koma 26.

Sharaɗi ba lallai ne ya zama kalma ba. Ana iya cewa a tara kamun Anopheles da ya kai 20 ko ya wuce, ta hanyar rubuta E2:E11 da ">=20" a matsayin sharaɗi na biyu; a wannan jadawali amsar 48 ce. Haka nan ake yi da kwanan wata, domin a wajen na'ura kwanan wata lamba ce: Excel yana ƙirga 1 ga Janairu, 1900 a matsayin rana ta 1, ya ci gaba da ƙirgawa daga nan. Don haka idan ana son abin da ya faru tsakanin ranaku biyu, sai a ɗora sharuɗɗa biyu a kan zango ɗaya: ranar ta kai ta farko ko ta wuce ta, kuma kada ta wuce ta ƙarshe.

Akwai abubuwa biyu da sabon shiga zai kiyaye. Na ɗaya, a SUMIF zangon tarawa yana zuwa ne a ƙarshe, a SUMIFS kuwa shi ne a farko, kuma wannan saɓani yana rikita mutane da yawa. Na biyu, dole ne dukkan zangunan su yi tsawo ɗaya. Idan ɗaya ya tsaya a layi na 11 wani kuma ya tsaya a na 10, na'urar za ta nuna alamar kuskure maimakon amsa.

Lissafin da ke ƙarƙashin umarnin

Tushen wannan dabara ya girmi kwamfuta da kusan shekara ɗari. A shekarar da Snow ke bin gidaje a Landan, wato 1854, wani masanin lissafi Baturen Ingila mai suna George Boole, wanda ke koyarwa a birnin Cork na ƙasar Ailan, ya wallafa littafinsa a kan dokokin tunani. A ciki ya nuna cewa ana iya sarrafa zance da ƙa'idojin lissafi idan aka yi amfani da lambobi biyu kacal, 1 da 0. A tsarin da kwamfuta ke bi a yau, zance in gaskiya ne ana ba shi 1, in ba gaskiya ba ne ana ba shi 0. Haɗa zantuka biyu da “kuma” daidai yake da ninka lambobinsu: 1 sau 1 ya ba da 1, amma da zarar sifiri ya shiga ko da sau ɗaya ne, sakamakon ya zama sifiri.

A gwada da layi na 5. Anopheles ne? E, 1. Mace ce? E, 1. A ɗaki aka kama? E, 1. Idan aka ninka 1 sau 1 sau 1 sau 26, an sami 26. A layi na 6 kuwa sharaɗi na uku ya faɗi, saboda haka 1 sau 1 sau 0 sau 11 ya zama sifiri. A layi na 7 sharaɗin farko ne ya faɗi, shi ma 40 ɗinsa ya tafi. Idan aka yi wa dukkan layuka goman haka aka tara, 62 ɗin nan ce za ta sake fitowa. Kafin zuwan SUMIFS, da wannan hanya masu aiki da jadawali suke warware matsalar, ta amfani da umarnin SUMPRODUCT:

=SUMPRODUCT((B2:B11="Anopheles")*(C2:C11="mace")*(D2:D11="ɗaki")*E2:E11)

Alamar tauraro a nan tana nufin “sau”. Wannan tsohuwar hanya har yanzu tana aiki, kuma tana da amfani wajen tabbatar da amsa: idan hanyoyi biyu suka ba da adadi dabam-dabam, to akwai abin da ya kamata a koma a duba.

Bambancin “kuma” da “ko”

SUMIFS “kuma” kaɗai ya sani. Duk sharuɗɗan da aka ba shi sai layi ya cika su gaba ɗaya. Ɗalibin da ke son kamun watan Yuli da na Satumba, idan ya rubuta sharuɗɗan biyu a cikin umarni ɗaya, sifiri zai samu, domin babu layin da watansa Yuli ne kuma Satumba ne a lokaci guda. A maganar yau da kullum akan ce “Yuli da Satumba”, amma abin da ake nufi a lissafi shi ne “Yuli ko Satumba”. Mafita ita ce a rubuta umarnin sau biyu, ɗaya na Yuli ɗaya na Satumba, a haɗa su da alamar tarawa. Matan Anopheles na cikin ɗaki a waɗannan watanni biyu su ne 14 da 22, wato 36.

Wannan hanya tana tafiya daidai ne muddin sharuɗɗan suna kan layin tsaye ɗaya, inda abu ba zai iya zama biyun ba. Idan suna kan layuka dabam-dabam, sai an yi hattara. A ce ana son duk sauron da ko dai Anopheles ne, ko kuma a ɗaki aka kama shi. Anopheles 89 ne, na ɗaki kuma 140. In aka haɗa su kai tsaye za a sami 229, alhali duk sauron da aka kama 213 ne. Abin da ya faru shi ne, Anopheles ɗin da aka kama a ɗaki, su 69, an ƙirga su sau biyu. Sai an ɗebe 69 daga 229 sannan a sami amsar gaskiya, wato 160. Ɗaliban da suka yi darasin rukunoni a ajin lissafi za su gane wannan ƙa'ida, domin ita ce ake nunawa da da'irori biyu masu shiga juna.

Kurakuran da ba sa yin ƙara

Kuskuren da na'ura ta nuna masa alama mai sauƙi ne, tunda an gan shi. Mai haɗarin shi ne wanda ke ba da amsa mai kama da daidai. Irinsa na farko yana zuwa ne daga rubutu. SUMIFS bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba, amma ya damu da kowane harafi. Ga masu rubutu da Hausa, wannan ya shafi baƙaƙe masu lanƙwasa kai tsaye: a wajen na'ura “ɗaki” dabam, “daki” dabam. Idan ɗalibin da ya shigar da layi na 10 bai sami harafin ɗ a madanninsa ba ya rubuta d, amsar za ta sauko daga 62 zuwa 40 ba tare da wani gargaɗi ba, kuma mai karanta rahoton zai ɗauka ba a kama Anopheles ko ɗaya a ɗaki cikin Satumba ba. Haka zai faru idan aka bar tazara a bayan kalma, wadda ido ba ya gani. Haka kuma idan aka shigar da adadi a matsayin rubutu ba lamba ba, na'urar za ta tsallake shi wajen tarawa.

Iri na biyu shi ne inda manhajar da kanta take sauya abin da aka rubuta. Masana ƙwayoyin gado sun daɗe suna fama da wannan. Akwai ƙwayoyin gadon ɗan Adam da a da ake taƙaita sunayensu da SEPT2 da MARCH1. Da zarar an rubuta su a Excel, sai ya ɗauka kwanan wata ne, ya mayar da na farko 2 ga Satumba, na biyu kuma 1 ga Maris. Duk wanda ya nemi jimilla da sharaɗin "SEPT2" bayan haka, sifiri zai gani. A 2016 wasu masu bincike a Ostireliya, Mark Ziemann da abokan aikinsa, sun duba dubban maƙalun kimiyya, suka tarar cewa kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda ke ɗauke da jerin sunayen ƙwayoyin gado a Excel suna da irin wannan kuskure. A 2020 kwamitin da ke kula da sunayen ƙwayoyin gadon ɗan Adam ya sanar da sabuwar ƙa'ida ta kauce wa irin waɗannan sunaye. Yanzu SEPT2 ya zama SEPTIN2, MARCH1 kuma MARCHF1.

Iri na uku shi ne zangon da bai game dukkan layuka ba. A 2010 masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun wallafa bincike a kan dangantakar bashin gwamnati da bunƙasar arziki, wanda 'yan siyasa da dama suka riƙa kafa hujja da shi. A 2013 wani ɗalibin babban digiri a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya karɓi jadawalinsu ya duba, sai ya ga zangon da aka yi lissafin matsakaici da shi ya bar ƙasashe biyar a waje: Ostireliya da Ostiriya da Beljiyam da Kanada da Denmak. Ba wannan kaɗai shi da malamansa suka soka a binciken ba, amma shi ne kuskuren da kowa ya iya gani da idonsa. A jadawalin sauro ma, idan aka ƙara kamun watan Oktoba a layi na 12 aka manta ba a faɗaɗa zango ba, na'urar za ta ci gaba da tsayawa a layi na 11.

Iri na huɗu kuwa shi ne bayanin da bai ma shiga jadawalin ba. A watan Oktoba na 2020, lokacin annobar korona, hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta bayyana cewa sakamakon gwaji 15,841 na mutanen da suka kamu bai shiga alƙaluman da aka sanar ba tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba. An yi amfani da tsohon tsarin ajiyar Excel ne, wanda layukansa na kwance ba sa wuce 65,536, alhali sabon tsarin da ya zo tun 2007 yana ɗaukar 1,048,576. Da jadawalin ya cika, sai sauran bayanan suka zube. Hakan ya jawo jinkiri wajen neman mutanen da masu cutar suka yi cuɗanya da su.

Hanyoyin tabbatar da amsa

Hausawa na cewa tun ran gini, tun ran zane. Tun kafin a fara shigar da bayanai ya kamata a yanke shawara a kan yadda za a rubuta kowace kalma, a kuma yi amfani da tsarin da manhajar ke da shi na taƙaita gurbi ga jerin kalmomin da aka zaɓa, ta yadda mai shigarwa zai zaɓa ne kawai ba zai rubuta ba. Kowane layin tsaye ya ɗauki abu iri ɗaya. Kada a haɗa wata da wuri a gurbi guda, kada kuma a rubuta “sauro 14” inda ake son 14.

Bayan an yi lissafi, gwajin da ya fi sauƙi shi ne a tara sassa a ga ko sun koma jimilla. Na ɗaki 140, na waje 73, haɗe 213. Anopheles 89, Culex 124, haɗe 213. Da an rubuta “daki” a layi na 10, na ɗaki zai zama 118, jimillar ta tsaya a 191, giɓin 22 ɗin kuma ya tona asirin kuskuren. Akwai kuma umarnin COUNTIFS, ɗan'uwan SUMIFS, wanda ke faɗin layuka nawa ne suka cika sharuɗɗan. Idan ana sa ran uku ya ce biyu, to wani layi ya kuɓuce. Har ila yau yana da kyau a rubuta sharuɗɗan a wasu gurabe na musamman, umarnin ya riƙa kiran sunayen guraben, domin duk mai dubawa ya ga tambayar da aka yi a fili.

Abu na ƙarshe shi ne a tuna cewa jimilla, ko da daidai ce, ba ta isa kwatanci ba sai an san daga cikin nawa aka same ta. A teburin Snow, sauran sassan Landan sun yi mace-mace 1,422, adadin da ya fi na Southwark and Vauxhall. Amma gidajensu 256,423 ne, don haka rabonsu bai kai 60 a cikin gidaje 10,000 ba. A aikin sauro ma, idan an kafa tarko dare goma a Agusta, dare biyar kuma a Satumba, to 22 ɗin Satumba ta fi 26 ɗin Agusta nauyi, sai an raba kowanne da yawan darensa kafin a kwatanta.

Kammalawa

Makarantar da ba ta da ɗakin kwamfuta ba ta rasa wannan darasi ba. Malami na iya rubuta jadawalin a allo, ya ƙara layukan tsaye uku a gefe, ɗalibai su cike su da 1 ko 0 gwargwadon kowane sharaɗi, su ninka, su tara. Wanda ya yi haka da alli sau biyu ko uku, ranar da ya zauna gaban na'ura zai san abin da take yi a ɓoye, zai kuma iya gane amsar da ba ta shiga hankali ba. Inda akwai wayar hannu ta zamani kuwa, ana iya sauke ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji a gwada misalin nan yadda yake.

A taƙaice, SUMIFS ya ɗauke wa mai bincike wahalar tarawa, amma bai ɗauke masa nauyin tsara tambaya ba. Sanin cewa mace ce ke cizo, kuma Anopheles ne ke yaɗa zazzaɓi, daga darasin ilimin halittu ya fito, ba daga manhaja ba. Ga masu son gwada kansu, ga tambayoyi biyu daga jadawalin da ke sama: matan Culex nawa aka kama kafin watan Satumba, kuma sauro nawa ne ko dai namiji ne ko kuma a waje aka kama shi? A fara amsawa da alƙalami da takarda, sannan a tambayi na'ura a ga ko za a dace.